Yadda mai zane da mai sana'ar hannu za su kare haƙƙin mallakar aikinsu

Mai zane ko mai saƙa ko maginin tukwane yana samun haƙƙin mallakar aikinsa tun ranar da ya fitar da shi daga kansa zuwa kan takarda ko yadi ko yumɓu, ba sai ya je wani ofis ya cike fom ba. Wannan ƙa'ida ce ta Yarjejeniyar Berne da aka ƙulla a shekarar 1886, wadda ƙasashe fiye da 180 suka shiga, kuma ita ta sa ƙasar da ke cikinta take kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan ƙasa. Inda masu sana'a ke faɗuwa shi ne wajen hujja: an kwaikwayi aikin mutum, ya san nasa ne, amma ba shi da abin da zai nuna cewa shi ya fara yi, ko ya sayar da aikin da fatar baki ba a rubuta me aka saya ba. Saboda haka yawancin abin da ke tafe aikin takarda ne da adana shaida. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, inda bambancin ke da nauyi za a faɗa.

Kayan da za ka tanada

Littafin aiki mai ɗinkakkun shafuka, wanda ba a iya zare shafi a mayar ba tare da an gane ba. Waya ko kyamara, da agogonta a saite daidai. Wurin ajiyar fayiloli guda biyu, ɗaya a hannunka kamar filas, ɗaya a intanet. Jaka ɗaya ta takardu domin rasitai da yarjejeniyoyi. Adireshin imel na sana'a kawai. Sai abin sa alama a jikin aiki gwargwadon sana'arka: hatimi ga mai fata da mai yumɓu, lakabin yadi ga mai ɗinki, alƙalamin da ba ya gogewa ga mai zane. Wanda ba shi da kwamfuta, waya da littafin nan sun ishe shi farawa.

Mataki na 1: Ka gane wace kariya ce ta dace da wane ɓangare na aikinka

Ɗauki jakar fata guda ɗaya a matsayin misali. Zanen furen da ka ƙirƙira ka buga a jikinta yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, haka ma hoton jakar da ka ɗauka domin talla, da rubutun da ka yi kana koyar da yadda ake ɗinka ta. Siffar jakar kanta, wato yankanta da tsarin marfinta, rajistar fasalin kaya ce ta fi kare ta. Sunan da kake sayar da ita da tambarinka alamar kasuwanci ce. In kuwa ka ƙirƙiro wani sabon maƙulli da ba a taɓa yin irinsa ba, wannan sai takardar mallakar ƙirƙira, wadda take ɗaukar shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, kuma tana da tsada da wahalar samu. Haɗin rini ko man goge fata da kai kaɗai ka sani, sirrin sana'a ne, kariyarsa ita ce ka riƙe bakinka ka kuma sa ma'aikatanka su rattaba hannu cewa ba za su fitar ba.

Akwai abubuwan da haƙƙin mallaka ba ya hawa kansu, kuma gara ka san su tun yanzu don kada ka ɓata kuɗi da zumunci a banza. Ba ya hawa kan tunani ko dabara: ra'ayin zana tsuntsu a kan reshe na kowa ne, naka shi ne tsuntsun da ka zana da hannunka. Ba ya hawa kan salo, ko irin ɗinki, ko hanyar murza yumɓu, ko haɗa launin shuɗi da ruwan ɗorawa. Sunan aiki da gajeren take ma ba ya kare su. Kayan amfanin yau da kullum su ne masu rikitarwa. A Amurka, misali, yankan riga ba shi da wannan kariya, amma zanen da ke kan yadin yana da ita, domin ana iya raba shi da rigar ya tsaya da kansa.

Mataki na 2: Ka tara shaida tun kana cikin aikin

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Duk sabon aiki ka buɗe masa shafi a littafinka: ranar da ka fara, zanen gwaji na farko, awo, kayan da ka yi amfani da su, da abin da ka canja a hanya. Kada ka yage shafin da ya lalace. Zanen da bai yi kyau ba shi ne ke nuna cewa aikin ya girma a hannunka, wanda ya kwaikwaya kuwa ƙarshen kawai yake da shi.

Ka ɗauki hoto aƙalla sau huɗu: kayan aiki kafin a fara, aikin yana rabi, bayan an gama, sai kuma kusa da wurin da sa hannunka yake. Ka ajiye hotunan na asali yadda suka fito daga waya, domin a cikin fayil ɗin akwai bayanin rana da lokaci da irin wayar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tura hoto ta manhajar hira, a goge na asali, a riƙe wanda aka tura. Yawancin manhajoji da shafukan sada zumunta suna matse hoto su cire wancan bayanin. Mai zane a kwamfuta ya ajiye fayil ɗin aiki mai hawa-hawa, ba hoton ƙarshe kaɗai ba.

Kowane aiki ka ba shi lamba, misali shekara da lambar jeri, 2025-014, ka sa wannan lambar a littafi da sunan fayil da rasit. In ka gama, ka tura wa kanka hotunan ta imel a matsayin fayil, don ya zama akwai rana a wurin da ba kai ke iya gyarawa ba. Wasu kan sa hoton aiki a ambulan su aika wa kansu ta gidan waya, su ajiye ba su buɗe ba. Wannan ba ya maye gurbin rajista, kuma abokin shari'a zai iya cewa an aika ambulan a buɗe ne aka cika daga baya.

Mataki na 3: Ka sa alamarka

A jikin aiki ko a lakabinsa ka rubuta alamar ©, sai shekarar da aikin ya fara fita, sai sunanka. Doka ba ta wajabta ba a ƙasashen Berne, Amurka ma ta daina wajabtawa tun 1989, amma yana toshe bakin mai cewa bai san akwai mai shi ba, kuma yana nuna wa mai son lasisi wanda zai nema. Mai yumɓu ya danna hatiminsa a gindin tukunya tun tana ɗanya.

Hoton da za ka ɗora a intanet ka rage masa girma. Bugu mai kyau yana son kusan ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoton da tsawonsa ɗigo 1200 ne ba zai ba ɓarawo fiye da inci 4 na bugu mai tsabta ba, amma ya isa mai saye ya gani a waya. Tambari mai dishi-dishi ka sa shi ya ratsa jikin aikin, domin na gefe yanke shi ake yi.

Mataki na 4: Rajista, inda take da amfani

A ƙasashe da dama akwai ofishin haƙƙin mallaka da ke karɓar rajista ta ganin dama, wasu kuma kamar Birtaniya ba su da rajistar gwamnati ta haƙƙin mallaka sam. Amurka ce ta fi ba ta nauyi: aikin da asalinsa na can ne ba a kai ƙararsa kotu sai an yi masa rajista, kuma diyyar da doka ta ƙayyade da kuɗin lauya ba a samunsu sai in an yi rajistar kafin a yi satar, ko cikin wata 3 da fitar aikin. Duk wanda kasuwarsa ta kai can ya riƙe wannan. Ba sai ka yi wa kowane aiki ba, ka zaɓi waɗanda suka fi kawo maka ciniki.

Fasalin kaya kuwa akwai tarko a cikinsa. Sharaɗinsa shi ne ya zama sabo a ranar da aka shigar da buƙata. In ka riga ka baje kayan a kasuwa ko ka ɗora hotonsa, a wasu ƙasashe ka kashe damarka da hannunka. Tarayyar Turai da Amurka suna ba da rangwamen wata 12 bayan bayyanawa, amma kada ka ɗauka ko'ina haka ne. Abin da ya fi aminci shi ne ka shigar da buƙata kafin ka nuna wa duniya. A Tarayyar Turai fasalin da aka yi wa rajista ana sabunta shi duk shekara 5 har zuwa 25, wanda ba a yi wa ba yana da shekara 3 kacal. Bayan ka shigar a ƙasa ɗaya, Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba ka wata 6 ka shigar a sauran ƙasashe da ranar farkon. Mai son ƙasashe da yawa a buƙata ɗaya yana iya bin tsarin Hague ta hannun WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya da ke Jeneba.

Sunan sana'a ka bincika shi a rajistar alamomin kasuwanci kafin ka buga lakabi dubu. Ana yin rajistar ne aji-aji, aji 45 ne gaba ɗaya, kayan ado irin su sarƙa da zobe na aji na 14, kayan fata na 18, tufafi na 25. Rajistar sunan kamfani daban take da wannan, kuma ba ta hana wani amfani da sunan a jikin kaya. Alamar ® sai bayan rajista ta fito, sa ta kafin nan laifi ne a ƙasashe da yawa.

Mataki na 5: Ka raba sayar da kaya da sayar da haƙƙi

Wanda ya sayi zanenka ya mallaki allon da fentin. Yana iya rataye shi, ya yi kyauta da shi, ya sake sayarwa. Ba shi da ikon buga shi a jikin riguna ko kalanda ya sayar, domin haƙƙin kwafi yana nan a wurinka. Masu saye da yawa ba su san haka ba, kuma ba mugunta ce ta sa su ba. Layi ɗaya a rasit yana maganin abin: "An sayar da wannan aiki ne kawai, haƙƙin kwafi da bugawa yana hannun mai aikin."

Aikin da aka ba ka kwangila ya fi buƙatar kulawa. A mafi yawan ƙasashe biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da haƙƙin ga wanda ya biya, sai an rubuta, amma akwai ƙasashen da suka keɓe hoton mutum da aka ba da oda. Ma'aikaci mai albashi kuwa, abin da ya yi a bakin aikinsa yawanci na mai gidansa ne. Wannan ya shafe ka ta fuska biyu. In ka ɗauko mai hoto ya ɗauki kayanka, hotunan nasa ne sai in kun rubuta akasin haka, haka ma wanda ya zana maka tambari. In kuma ku biyu kuka haɗa hannu a aiki ɗaya har ba a iya raba na wane da na wane, kun zama abokan mallaka, sai ku rubuta kason kowa da wanda zai iya ba da lasisi tun kuna shiri da juna.

Mataki na 6: Rubuta lasisi

Hanya biyu ce ake ba wani dama. Ko ka sallama haƙƙin gaba ɗaya, ya zama kai ma ba ka iya sake buga aikin sai da izinin wanda ya saya, ko ka ba da lasisi, wato aron dama mai iyaka. Sallamawa a ƙasashe da yawa ba ta inganta sai a rubuce da sa hannu. A ganina mai sana'a bai kamata ya sallama ba sai in kuɗin ya kai abin da aikin zai iya kawo masa a tsawon shekaru, kuma ba kasafai yake kaiwa ba.

Takardar lasisi shafi ɗaya ko biyu ta isa, in dai ta amsa waɗannan tambayoyi. Wane aiki ne, da lambarsa da hotonsa a maƙale? A jikin me za a sa shi, kofi ko yadi ko bangon littafi? Guda nawa, misali 500? A waɗanne ƙasashe? Na tsawon wane lokaci, misali shekara 2, daga wace rana? Shi kaɗai aka ba, ko kana iya ba wasu? An yarda ya canja launi ko ya yanke wani sashe? Yana iya miƙa damar ga wani? Ta yaya za a rubuta sunanka? Me zai faru da ragowar kaya in wa'adi ya cika?

Wajen kuɗi a nan ake cutar mutane cikin ruwan sanyi. In an ce za a ba ka kaso, ka tambaya kason me. Kashi 10 cikin 100 na farashin sari, in sari rabin farashin kanti ne, daidai yake da kashi 5 na farashin kanti. Kada ka yarda da kason riba, domin wanda ke riƙe da littafin lissafi shi ke faɗin ko an ci riba. Ka nemi wani abu a gaba, da bayanin ciniki duk wata 3 ko 6, da damar duba lissafi, da sharaɗin cewa lasisin ya mutu in an yi kwana 30 ba a biya ba bayan tunatarwa. In ka ga kalmomi irin su "har abada", "a duk duniya", "ta kowace hanya" a takardar da aka miƙo maka, ka tsaya ka nemi lauya. Irin wannan sharaɗi yakan ɓoye a ƙa'idojin gasar zane ma.

Wanda ba shi da halin lauya ya nemi ƙungiyar masu sana'arsa ko ofishin haƙƙin mallaka na ƙasarsa, sukan sami samfurin yarjejeniya. In ciniki na gaggawa ne, ka rubuta sharuɗɗan a imel, ɗayan ya amsa da cewa ya yarda, kafin ka tura babban fayil.

Mai son ya saki aikinsa kyauta da sharaɗi yana iya amfani da lasisin Creative Commons, wato shiryayyun lasisi da kowa ke iya liƙa wa aikinsa, masu alamomi kamar haka: BY na nufin a ambaci sunanka, NC ba ciniki, ND ba canji, SA kuma duk abin da aka gina a kai a sake shi da irin lasisin. Ka yi tunani sosai tukuna, domin ba a janye shi daga wanda ya riga ya karɓa.

Mataki na 7: Ka kiyaye haƙƙin wasu

Maganar da ke yawo cewa in ka canja kashi 30 na aikin wani ya zama naka, ba ta da tushe a doka. Abin da kotu ke dubawa shi ne ko ka ɗauki muhimmin sashe na aikin, ko da ƙarami ne. Ambaton sunan mai shi ba izini ba ne, rashin samun riba ma ba ya wanke ka. Zana hoton da wani ya ɗauka da kyamara, layi bisa layi, kwafi ne ko da da zare ka yi shi. Taurarin katun da tambarin ƙungiyoyin ƙwallo a jikin kofi ko hula su ne suka fi jawo rufe wa masu sana'a shago a intanet, domin galibi haƙƙin mallaka da alamar kasuwanci ne a haɗe.

In ka sayi samfurin saƙa ko salon haruffa ko hoto, ka karanta lasisinsa ka ajiye kwafi a jakarka. Wani na amfanin gida ne kawai, wani ya yarda a sayar da kayan da aka yi amma ba a raba takardar ba.

Aikin da wa'adinsa ya ƙare ya zama na kowa. Mafi ƙarancin wa'adi a Berne shi ne rayuwar mai aiki da shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da yawa sun kai shi 70, kuma ana fara ƙirga daga 1 ga Janairu na shekarar da ta biyo bayan rasuwar. Kayan amfani masu ado kuwa, irin su tukunya ko jaka, wata ƙasa tana iya tsayawa a shekara 25 daga yin su. Ka duba dokar ƙasar da za ka sayar, domin abu yana iya zama na kowa a nan bai zama a can ba. Zane-zanen gargajiya na wata al'umma ma ba gonar da ba mai ita ba ce, wasu ƙasashe sun yi musu doka ta musamman, kuma ko babu doka neman izini shi ne mutunci.

Mataki na 8: In ka ga an kwaikwayi aikinka

Duk wata ɗaya ko biyu ka sa hotunan manyan ayyukanka a Google Lens ko TinEye, masu nemo hoto a intanet, ka ga inda suka bayyana. In ka samu, kada ka yi magana tukuna. Ka ɗauki hoton shafin yadda adireshinsa da rana da sunan mai sayarwa za su fito, in da hali ka sayi guda ɗaya ka riƙe rasit. Sannan ka ajiye nasa kusa da naka ka tambayi kanka da gaskiya: zanena ya ɗauka, ko tunaninmu ne ya zo ɗaya? Wanda ya ƙirƙiri mai kama da naka ba tare da ya taɓa ganin naka ba bai keta haƙƙin mallaka ba.

In kwafi ne, ka rubuta masa cikin ladabi: ga aikina, ga ranar da na yi shi, ga abin da nake so, ko ka sauke ko mu yi lasisi, cikin kwana 14. Kada ka fara da tona shi a bainar jama'a, domin in ka yi kuskure ƙarar ɓata suna za ta dawo kanka. In bai amsa ba, manyan shafuka suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, galibi bisa tsarin dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA. Za ka sa adireshin aikinka, da adireshin kwafin, da hanyar samunka, da furucin cewa bayaninka gaskiya ne, da sa hannu. Ka sani shafin yakan miƙa wa wanda ka yi ƙorafi a kansa sunanka da imel ɗinka, shi ya sa imel na sana'a ya fi. In shafin ya sauke kayan, shi kuma ya musanta a rubuce, ana iya mayar da su cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14 sai in ka shigar da ƙara. A nan ne za ka ɗauki littafin aikinka da hotunan asali da rasitai ka kai wa lauya, kuma kada ka ja lokaci, domin shigar da ƙara yana da wa'adi, a Amurka shekara 3 ne.